Kaskon Garwashi a Cikin Tanti

Maigida,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba, ko da kana raye ma cewa za ka yi in karanto maka. Amma wa zan faɗa wa in ba kai ba?

Gida lafiya, gero ya shiga rumbu, ƙanenka na fita tafki da jirginka. Maganar ɗanka na fari ce ta hana ni sukuni. Bayan rasuwarka ya tafi Aljeriya aikin gini, can kan duwatsu, suna kwana a tanti. Ya turo mini hoto a salula, ƙasa fari fat kamar an zazzage garin rogo, wai dusar ƙanƙara. Ya ce ya sa wando kan wando, ya shimfiɗa kwali ƙarƙashin tabarma, duk da haka sanyi na ratsa shi har ƙashi.

Ni kuwa uwar iyawa, sai na aika masa saƙon murya. Na ce ya yi yadda kake yi in ka fito ruwa kana rawar ɗari: ya cika kasko da garwashi, ya shiga da shi ciki, ya toshe duk wata kafar iska.

Da na ba Rabi labari, 'yar maƙwabtanmu mai aikin asibiti, sai ta dafe ƙirji. Ta ce ɗakinmu rufin ciyawa ne, iska na fita ta ko'ina. Tanti kuwa in an rufe shi ruf, gawayi ɗauke numfashin mutum yake yana barci, ba tari ba ihu.

Na sake aika saƙo, bai shiga ba. Na kira har na gaji. Rabi ta ce ƙanƙara kan ɗauke rezo, wato layin waya. Rezon ne kuwa? Tsoro nake ji, Maigida. Ka san yaron nan bai taɓa tsallake maganata ba. Me ya sa ka koya masa jin magana haka?

Tun da na haife shi ban taɓa kama sunansa ba, kunyar ɗan fari, har kana tsokanata wai ba na son sa. Ina son sa, har ya fi sauran, ban dai taɓa gaya maka ba. Jiya na tsaya tsakar gida, gaban kowa, na manna salula a baki ina ta kiran Habibu, Habibu.

Allah ya haskaka makwancinka. In ka hango shi tafe, don Allah kada ka yi masa maraba. Koro mini shi gida.

Matarka,
Hajara