Mujallar Ƙarshen Zango

Zuwa ga Baban 'yan biyu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Yaya aikin hanya, yaya kuma ciwon bayan nan? Mu nan lafiya lau, yara kullum sai sun tambayi ranar dawowarka.

Bari in ba ka labarin abin da na jawo wa kaina. Ranar Litinin Shugabar makarantarmu ta kira ni ofis, ta ce tana son mujalla mai shafi takwas, da hotuna da rubuce-rubucen ɗalibai, a raba wa iyaye ranar taron ƙarshen zango. Ta ce in ba zan iya ba kada in ji nauyi, sai a kai wa masu ɗab'i. Ka san halina. Ni da nake sakatariyar wurin tun kafin a gina ajujuwan baya? Na ce zan iya, alhali ban san ta inda zan kama ba.

Kwana biyu na yi ina kokawa da farin shafi a manhajar tsara takardu da aka saka mana a kwamfuta. In na sa hoto a sama, rubutu ya gudu ƙasa. In na jawo rubutun, hoton ya haye kan kanun labari ya yi zamansa. Ban ɓoye maka ba, jiya sai da na laɓe bayan kabad na share hawaye.

Ana haka Malamar lissafi ta shigo neman takarda. Ta leƙa, ta kama baki ta ce, “Yaya, wa ya aike ki wannan wahalar? Ai akwai samfuri!” Ta danna wuri ɗaya, sai ga shafuka tsararru birjik, na mujalla, na katin gayyata, na takardar shaida. An riga an ware gurbin hoto da na rubutu, naka kawai ka cire nasu ka zuba naka. Na zaɓi mai ruwan ganye, irin kalar rigar ɗalibanmu. Ta sa na fara adana kwafi da sabon suna don kada in ɓata na asali, sannan ta koma ajinta. Kafin a tashi na gama shafi uku ni kaɗai, har ina waƙa.

Ka taya ni da addu'a, saura kwana biyar.

Taka har kullum,
Maman 'yan biyu

Zuwa ga Baban 'yan biyu,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan wannan ta same ka lafiya. Saƙonka ya iso, na ji daɗi da ka ce bayan ya yi sauƙi. Kada dai ka koma ɗaga abu mai nauyi.

Mujalla ta fito! Amma sai da aka yi mini dariya tukuna. Da na buga gwaji na kai ɗakin malamai ina ta fankama, sai Shugaba ta buɗe shafi na biyu ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Ashe a saman jawabinta na bar hoton da ya zo da samfurin, wani ƙaton mutum mai gemu yana murmushi. Ta ce, “Sakatariya, yaushe na tsiro gemu ban sani ba?” A shafi na shida kuma na manta da rubutun cike gurbi, wanda ba yaren kowa ba ne. Malamin tarihi ya gyara tabarau ya karanta layi biyu da gaske, ya ce lallai ɗalibin nan ya yi zurfi. Ranar na koyi bin kowane gurbi ɗaya bayan ɗaya kafin in buga.

Jiya aka yi taron. Iyaye suka yi ta juya shafuka suna neman 'ya'yansu, Shugaba kuma ta sa na miƙe aka tafa mini, kunya kamar in nutse.

Bayan an watse, wata mata ta biyo ni ofis da mujallar a hannu. Ta ce an gaya mata waƙar 'yarta na ciki, amma ita ba ta iya karatu ba, in nuna mata wurin. Na buɗe shafi na biyar, na ɗora yatsanta a kan sunan, na karanta mata waƙar daga farko har ƙarshe. Ta ce in sake, na sake. Sai ta tambaya a hankali ko akwai ragowar guda, ta aika wa baban yarinyar, don yana aiki a nesa. Na ba ta biyu.

Taka tana cikin ambulan ɗin nan. Ka nuna wa abokan aikinka, ka gaya musu matarka ce ta tsara.

Mai kewarka,
Maman 'yan biyu