Almakashin da Ya Cire Ka Daga Fim

Ya Ekkehard, sanyin idona, ruwan da na sha ƙishina ya ƙaru, masoyin da ya tafi bai ce mini ko uffan ba!

Ka tuna ranar da aka ɗauki fim ɗinku a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, nan Berlin ta Gabas? A fim ɗin kai ne shugaban taƙadaran unguwa, da baƙar rigar fata, gashi sharkaf da mai, kana yi wa ɗan sanda fito. Da aka tashi ka raba mana burodinka, ka ce, "Gudrun, ke ce mai yanka fim ɗin nan. Ki bar ni in daɗe a allo, kin ji ko?" Na bar ka kuwa. Har faɗa na sha a kan tsawon murmushinka.

A cikin labarin fim ɗin ka tsallaka Berlin ta Yamma, ka sha wuya, ka dawo gida kana kuka. A zahiri fa? Ka hau jirgi, ka sauka can, ka yi zamanka. Dawowar ce kaɗai ba ka koya ba!

Ran Litinin shugabanmu na wurin aiki, Pannwitz, ya jibge mini gwangwanayen fim a tebur. Ya ce, "Kwamared, wannan da ya gudu daga ƙasarmu ba zai fito a allonmu ba. Ko ki cire shi, ko in kawo mai cirewa, ke kuma ki kama gabanki." In kama gabana in je ina, ga Mama a kwance, ko bene ba ta iya sauka? Ka san haka sarai lokacin da kake haɗa jakarka.

Na ɗauki almakashi. Wayyo ni! Wa ya taɓa ɗaga fuskar masoyinsa a haske, hoto bayan hoto, yana neman inda zai datse? Na datse fitonka, na datse rawarka, na liƙe abin da ya rage da gam.

Jiya aka nuna wa manya. Na zauna a baya ina jiran wani ya ce labarin ya gurgunce, akwai wanda babu. Ba wanda ya ce. Tafi suka yi. Pannwitz ma cewa ya yi ya fi na farko kyau.

Ka dawo, Ekkehard, ko ka aiko da layi ɗaya in san matsayina. Fim ya tafi daidai babu kai, gari ma haka. Ni kaɗai ce aka datse na ƙi liƙuwa.

Taka, wadda ba za ta so wani ba, ko da yake ba ka cancanta ba,
Gudrun