Amsa Kan Takalmin Hawan Dutse

Faskari,
Jihar Katsina.

Zuwa ga Yaya Mas'udu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka, Ya kuma buɗa maka kasuwa a can Jos. Mu nan alhamdu lillahi. Inna ta samu sauƙin ciwon gwiwa, har tana zuwa gona duk da mun hana ta. Matata Suwaibatu ta yaye Ummu Salma. Masara ta fara goyo, dawa kuwa sai dai a ce masha Allah.

Ka tambaye ni ko takalmin da ka aiko mini ya yi amfanin da za ka sayo wa abokan gadina irinsa, ko kuwa gara ka aiko da taki. Na ƙi amsa maka ta waya don maganar ba gajera ba ce. Ka san mu uku aka ɗora wa gadin dutsen bayan ƙauyenmu: ni, da Sha'ibu ɗan Kawu Barau, da Abdulgafar. Kullum biyu ke hawa su sa ido a kan hanyar daji yayin da jama'a ke noma. In an hango ɓarayin daji sai a kira gari, waya kuwa ba ta kamawa a kan dutsen sai a can ƙololuwa, bayan an haye wani falalen dutse mai sulɓi.

Takalmin da ka fara aikowa bara, mai lanƙwasasshen baki irin na masu wasan hawan dutse, bai yi mini rana ba. Yana matse yatsu, ba a tafiya da shi, alhali daga gida zuwa gindin dutsen tafiyar kusan awa ce cikin ƙaya da tsakuwa. Wannan na biyu daban ne. Ana doguwar tafiya da shi, igiyarsa ta sauko har kan yatsu, ƙasansa kuma roba ce mai laushi da ke manne wa dutse kamar tafin tsaka a bango. Da Kawu Barau ya gan shi sai ya yi dariya, ya ce kakanninmu da ƙafa tsirara suka hau dutsen nan, wai yanzu har tsoro ake saya wa takalmi. Ban yi masa musu ba, babba ne, kuma gani ya kori ji.

Ranar Talata, mako uku ke nan, aka yi ruwa da safe ya ɗauke da hantsi. Ni da Sha'ibu muna fake a kogon da ke tsakiyar dutsen. Shi ya fara hango baburan ɓarayin suna fitowa daga bakin daji, mutum uku-uku a kan kowane. Gonaki cike suke da mutane, har da Inna da Suwaibatu. Muka zabura za mu hau ƙololuwa, ga falalen sharkaf da ruwa. Taku kaɗan Sha'ibu ya yi takalminsa na taya ya kwashe shi, ya sulalo ƙasa ya gurɗe ƙafa. Na juyo zan ɗaga shi, ya daka mini tsawa ya ce in bar shi in hau, shi ba ya mutuwa da targaɗe. Yaya, na kama hawa, duk inda na ɗora ƙafa sai ta tsaya. Na kai sama na kira mai unguwa, aka yi shela a lasifikar masallaci, ina kallo mutane suka watse kamar an jefa dutse cikin tsuntsaye. Ɓarayin sun kora shanun noman Alhaji Mamuda, amma ba su samu mutum ko ɗaya ba. Inna da gwiwar tata ta riga wasu matasa isa gida.

Ba na cewa takalmi ya ceci kowa, Allah ne Ya tsare, amma Shi Ya ce tashi in taimake ka. Kuma ba zan ɓoye maka aibinsa ba. Yana da zafi da rana, Suwaibatu ta hana ni shiga ɗaki da shi saboda wari, ba ya kama inda gansakuka ta fito, kuma ba ya koya wa mutum hawa. Duk da haka amsata ita ce ka saya. Taki za mu lallaɓa da na gida, don ba ya amfanar gonar da mai ita ke tsoron zuwa. Batun mu taso mu komo wajenka kuwa, na gaya wa Inna, ta ce in yi maka godiya, amma ita ba ta barin masara da goyo. Ni ma bakina ke nan.

Ga takardar siminti na naɗe tare da wannan, mun zana sawunmu a kai da gawayi don kada a yi kuskuren lamba. Na Sha'ibu ƙafar hagu ce, ta dama har yanzu a kumbure take, amma ya ce kafin kaka zai koma gadi. Za ka ga sawu uku maimakon biyu. Na ukun nawa ne. Robar wanda ke ƙafata ta fara cinyewa, ni kuwa ban gama hawa ba.

Ka gaida Yaya Zulfa, da Sadiq, da Bilki. Inna tana sa maka albarka, Kawu Barau da Abdulgafar suna gaishe ka. A ci gaba da sa mu a addu'a.

Wassalam. Ni ne ƙaninka,
Bilya.