Ƙugiya Biyu da Aka Manta a Allon Mahaifina

Zuwa ga Alhaji, Shugaban kwamitin da ya gina ɗakin karatu don tunawa da marigayi Malam Gado, a Dogon Dutsi.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya da iyali, ni ce Hadiza, babbar 'yar marigayin. Da hannunka ka ba ni dabino ina ƙarama, don haka fito da maganar nan fili ya yi mini nauyi. Na bi ta gida na gaji.

Na ɗaya. Ka fi ni sanin aikin mahaifina. Ya taka rairayin Sukukutane da Dumega yana zama gaban tsofaffi da makiyaya, yana rubuta Hausar Arewa yadda take fita bakinsu. Ya sha faɗa da malaman lakwal, wato makarantar boko, a kan haruffa masu ƙugiya, yana cewa wanda ya yar da ƙugiya ya yar da ma'ana. Da mahukunta suka riƙa kiran yunwa "ɗan jinkirin cimaka", shi ya rubuta cewa sunanta yunwa. Ya yi zaman kaso, wato kurkuku, a kan haka, ya rasa aikinsa, kuma kana cikin masu kai masa abinci.

Na biyu. Kwamitinku ya zaɓi kalma uku a rubuta ƙarƙashin sunansa: ya ƙi ƙarya. Mun ji daɗi. Amma allon da aka kafa a ƙofa babu ƙugiya ko ɗaya, abin da ke jiki shi ne YA KI KARYA. Duk Bahaushen da ya karanta, kiran macen kare ya yi. Yanzu 'yan kabu-kabu da haka suke kwatance, a ce a sauke mutum wajen karya. Na ji da kunnena ina bayan babur, na ja mayafi na rufe fuska har muka wuce. Da na kai kuka, sakatarenku ya ce injin da aka buga allon da shi na Faransanci ne, kuma ai kowa ya gane nufi. Wannan amsar ce mahaifina ya ƙare rayuwarsa yana yaƙa.

Na uku, kuma shi ya hana ni sukuni. Innarmu ba ta yi lakwal ba, mahaifina ne ya koya mata karatun Hausa a tsakar gida, kuma abin da aka rubuta shi take karantawa, ba ta ƙari. Tun da ta fita takaba take roƙon in kai ta ta ga sunan mijinta. Yau in ce rana ta yi zafi, gobe in ce gwiwarta. Ni 'yar mutumin da ya ƙi ƙarya, ga ni kullum ina shirga wa uwata ita. Kunya ta ishe ni, Alhaji. Yanzu ta ce Juma'ar nan za ta tafi ko da sanda.

Roƙona kaɗan ne. A sa mai fenti ya ɗora ƙugiya biyun nan kafin Juma'a. In hakan ya gagara, a sauke allon, gara ta iske bango fili. In shi ma ya gagara, ina neman ka zo da kanka ka tsaya kusa da ita lokacin da za ta karanta, don ni ba zan iya ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya sa a rubuta sunanka daidai bayan ranka.

Wassalam.
Hadiza Gado