Bangon Kaka da Kuɗin Muhalli

Birni, Damagaram

Zuwa ga Kawu Bukar,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ɗiya ga kawunta, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Tanti Kaltuma da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a kasuwarku ta Kwatano. Mu nan lafiya lau. Haƙorin Inna ya daina ciwo, ƙanena Kolo ya shiga lakwal, makarantar boko, kuma har yanzu sai an ja shi yake tafiya, ni kuma ina shirin jarrabawa a lise, babbar sakandare. Kaka ma lafiyarta ƙalau, amma a kanta na rubuto maka, don ka san ni, a waya bakina mutuwa yake yi.

Bangon gabas na ɗakinta ya tsage tun daminar bara, yanzu har hannuna yana shiga tsagar. Ɗan Azumi magini ya duba, ya ce lalle a toshe a yi yaɓe kafin ruwa ya sauka. An kawo ƙasa a amalanke, an kwaɓa ta da ramno, ciyawar gini, ana jiran ta tsumu. Ana cikin haka rediyo ta sanar cewa an samu tallafi daga waje don tsara yadda za a kare muhalli a ƙasa baki ɗaya. Kaka ta ji da kunnenta. Da Ɗan Azumi ya zo da ma'aikatansa, sai ta sallame su daga zaure, ta ce ba mai sake shafa mata laka, tunda gwamnati ta samo kuɗin muhalli, siminti da kwano take jira.

Kawu, na yi bayani har na gaji. Na ce mata muhallin da suke nufi shi ne itatuwa da tabkuna da ƙasar noma, da rairayin da ke cin gonaki, da ledar da ta cika magudanan ruwa. Ta ce tun kafin a haifi Inna ta san muhalli shi ne inda mutum yake sa haƙarƙarinsa, shi ya sa ake ce wa wanda gidansa ya rushe ya rasa muhalli, kuma ba ta taɓa jin an ce itacen bedi ya rasa muhalli ba. Na ce kuɗin ma ba na gini ba ne, na taruka ne da bincike, don a rubuta tsarin da ƙasa za ta bi nan gaba. Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce ba mahaukacin da zai aiko kuɗi daga bayan teku don a yi rubutu.

Abin da ya ƙara ɓata lamarin, Mushe Illa, malaminmu na ilimin halittu, ya zaɓe ni in wakilci ɗalibai mata a taron jin ra'ayin jama'a da masu furojen, wato aikin tallafin, suka yi a nan, wanda suke ce wa atalye. Na tsaya gaban manya, na yi maganar leda da ƙarancin ruwa, ban ma san yadda na gama ba. Aka ba kowa riga mai hoton itace. Da na shigo gida da ita, Kaka ta ɗaga ta ta nuna wa duk unguwa, wai jikarta ta shiga furoje. Tun daga ranar ban huta ba. Zainabu mai ƙosai ta ja ni gefe ta nuna mini azarar ɗakinta da gara ta ci. Wani tsoho ya hau kabu-kabu tun daga Zango ya zo neman yarinyar muhalli. Har dangin Baba na Takieta sun aiko in tuna da su. In na ce ba haka ba ne, sai su ce kunya ce irin tawa, ko kuma an ce in ɓoye.

Da abin ya ishe ni, na roƙi Mushe Illa ya zo da kansa, ina ganin za ta ji maganar malami. Kaka ta shimfiɗa masa tabarma, ta dama masa fura, ta bar shi ya yi bayaninsa rabi Hausa rabi Faransanci, tana gyaɗa kai. Da ya gama ta kama hannun rigarsa ta kai shi gaban tsagar, ta tambaye shi ko wannan ba muhalli ba ne. Shi kuma ya kasa musa wa tsohuwa a cikin gidanta bayan ya sha furarta, sai ya sunkuyar da kai ya ce za a duba in Allah ya so. Kawu, da ƙasa za ta buɗe da na shige. Yanzu kowa ya zo sai ta ce masa mushe ya yi alkawari.

Inna ta yi magana, Kaka ta ce ita ta haife ta. Baba kuma suruki ne, ba ya iya ɗaga ido a gabanta. Kai kaɗai take ji. Ba kuɗi nake roƙo ba, ƙasar tana nan a tsakar gida, Inna tana yayyafa mata ruwa kada ta bushe, Ɗan Azumi kuma ya ce zai dawo duk ranar da aka kira shi. Amma shamuwa ta riga ta sauka a kan tsamiyar masallaci, jiya ma hadari ya haɗu a gabas kafin iska ta watsa shi. Don Allah ka kira ta da ka karanta wannan. Kada ka yi mata gardamar ma'ana, za ta kayar da kai kamar yadda ta kayar da mushe. Kada ma kalmar muhalli ta fito daga bakinka. Ka ce bango, ka ce kai ne kake so a yaɓe shi.

Ka gaishe mini da Tanti Kaltuma, da Hassan, da Munira ƙarama. Inna da Baba suna gaishe ku. Ban gaya wa Kaka na rubuto ba. In ta tambaye ka me ya sa kake gaggawa, ka tuna mata tabarmata ce ke jikin bangon nan, don ni nake kwana da ita.

Ɗiyarka,
Fanta