Gaisuwar da Aka Fassara wa Kaka

Laraba da dare, Lyon

Da safe na yi wa Dewi dariya, ƴar Indonesiya da muke ɗaki ɗaya. Ta nuna mini abin da ta rubuta a Instagram, rabi yarensu rabi Ingilishi. Na ce mata, "Kun sayar da harshenku, mu Hausawa muna riƙe da namu." Har da ɗaga kai na faɗa.

Da la'asar Mama ta kira daga Bobigny, ta ce ƙanwar Kaka ta rasu a Damagaram, in tura wa Kaka gaisuwa. Sau biyar ina ɗaukar murya ina gogewa. Da na ce "Allah ya jiƙanta" sai Faransanci ya ƙwace mini baki. Ko "ya haƙuri" bai zo mini ba. Dewi tana zaune tana ji. Shayi kawai ta ajiye mini. Gara ma da ta rama. Na gaji na tura haka nan.

Bayan isha'i Kaka ta amsa: "Na gode, ƴar nan. Na kai wa malamin lakwal, mai koya wa yara Faransanci, ya fassara mini. Ya ce gaisuwarki ta yi kyau ƙwarai."