Rago Ya Karce Maka Mota

Zuwa ga ɗana Sabi'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ya aiki, ya zaman Fatakwal, ya iyalinka? Mu nan Balan lafiya lau, sai Malam mahaifinka da gwiwa ke damu. Ƙanwarka Hadiza ta warke.

Kada hankalinka ya tashi, amma motar da ka bar mana amana ta samu matsala. Ragon layyarmu ne ya kwance, ya hango kansa a jikin ƙofar, ya ɗauka wani rago ne, ya yi ta tunkuyi har ya kakkarce fentin.

Na sa an kira Ɗanlami mai fenti daga Gaya. Ya watsa ruwa a wurin, sai na ga karcen ya ɓace, da ya bushe kuma ya dawo. Na ce, "Wannan wane irin siddabaru ne?" Ya yi dariya ya ce, "Inna, wanda ruwa ya ɓoye bai yi zurfi ba. Zan goge da samfefa mai laushi, takardar nan mai yashi-yashi, in shafa mai."

Nan ne na kasa ganewa. Yaya za a kankare karce da wani karcen? In ya cinye fentin gaba ɗaya fa? Na hana shi taɓawa sai na ji daga bakinka.

Ka turo amsa kafin Juma'a, ranar da Ɗanlami zai dawo. Ka gai da Maryam da yara, ku sa gwiwar Malam a addu'a. Ragon yana ɗaure bayan rumbu, har yanzu yana leƙen abokin faɗansa.

Mahaifiyarka,
Inna Talatu